Eddie Robinson na Grambling: shekara 56 a bakin aiki guda

Filin wannan mako ya leƙa kudancin ƙasar Amurka ne, jihar Luwiziyana, wadda masu karatun da suka yi tarihi a makaranta za su tuna tana cikin yankin da Faransa ta sayar wa Amurka a shekarar 1803. A arewacin wannan jiha akwai wani ɗan ƙaramin gari da ake kira Grambling, wanda mazaunansa ba su kai dubu goma ba, kuma ba don wata makarantar baƙar fata da ke cikinsa ba, da babu mai jin sunansa a wajen jihar. A can ne wani mutum mai suna Eddie Robinson ya kama aikin horar da ƴan ƙwallo a shekarar 1941, bai kuwa ajiye shi ba sai a 1997, ya kuma haɗa shi shekaru da dama da muƙamin daraktan wasanni na makarantar. Ranar da ya sauka ya ci wasa 408, an cinye shi 165, an yi kunnen doki 15, kuma a lokacin babu wani mai horaswa a tarihin jami'o'in Amurka da ya kai shi yawan nasara.

Tun da farko ya kamata a raba gardama, domin abin da Amurkawa ke kira ƙwallon ƙafa dabam yake da wanda ake bugawa a filin Seyni Kountché na birnin Yamai. Ƙwallon nasu mai siffar ƙwai ne, da hannu ake ɗaukarsa a gudu ko a jefa shi, kowane gefe mutum 11 ne sanye da hular kwano da matasai a kafaɗa, saboda kayar da juna ake yi kamar a fagen kokowa. Ana ba ƙungiya dama huɗu ta ci gaba da yadi 10, wato mita 9 da ɗan abu, idan kuma ta kai ƙwallo ƙarshen filin abokan hamayya ta sami maki 6. A cikin ƴan wasan akwai guda ɗaya wanda shi ke tsara hari, shi ke jifa, shi kowa ke saurare. A nan za a kira shi madugu, domin aikinsa ya yi kama da na madugun ayari. Jami'o'i ne ke renon ƴan wasan kafin ƙungiyoyin ƙwararru su ɗauke su, kuma wasan jami'o'in kansa babbar kasuwa ce, har ma a wurare da yawa mai horaswa ya fi shugaban jami'a albashi. Shi kuwa daraktan wasanni, shi ne mai riƙe da jakar kuɗi: shi ke ƙulla yarjejeniyar wasa da wasu makarantu, shi ke lissafin kuɗin ƙofa, da na mota, da na masauki, da na tallafin karatun ɗalibai.

An haifi Robinson ranar 13 ga Fabrairu 1919 a garin Jackson na Luwiziyana. Mahaifinsa manomi ne mai noma gonar wani a raba amfani, mahaifiyarsa kuma tana aikatau a gidajen masu hali. Ya tashi a Baton Ruj, babban birnin jihar, ya yi karatu a wata ƙaramar kwalejin baƙar fata mai suna Leland, inda shi ne madugun ƙungiyar ƙwallo. Da ya gama a 1941, takardar shaidarsa ba ta samar masa komai ba sai aikin ƙarfi a wani injin niƙa abincin dabbobi. Yana nan ya ji labari cewa makarantar Grambling na neman mai horaswa. Wannan makaranta an kafa ta ne a 1901, bisa roƙon wasu manoma baƙar fata da suka nemi a aiko musu malami daga Tuskegee, aka aiko musu Charles P. Adams. A 1941 shugabanta shi ne Ralph Waldo Emerson Jones, wanda ya riƙe ta daga 1936 zuwa 1977. Shi ya ɗauki saurayin mai shekara 22 a kan albashin dala 63 da santi 75 a wata. Dalar Amurka ake nufi, kada mai karatu ya lissafa da dalar kasuwar Maradi. Amma ko a can ɗin, wannan albashi na talaka ne.

Duk wanda ya taɓa riƙe ofis a ƙauye, inda shi ne shugaba, shi ne sakatare, shi ne kuma mai share daɓe, zai gane irin aikin da Robinson ya tarar. Ba shi da mataimaki ko ɗaya. Shi ke yanke ciyawar fili ya ja masa layi da farar ƙasa, shi ke ɗaure wa ƴan wasa idon sawu kafin su shiga, shi ke horar da ƙungiyoyin ƙwallon kwando na maza da na mata, idan an tashi wasa kuma ya zauna ya rubuta labarin ya aika wa jaridu, tun da babu ɗan jaridar da zai tako ya kalli wasan baƙar fata. Idan tafiya ta kama, da hannunsa yake haɗa guzurin burodi da nama, saboda dokar wariyar launin fata ta lokacin ta hana yaransa shiga gidajen abincin da ke kan hanya. A kakarsa ta farko ya ci wasa 3 aka cinye shi 5. Ya sallami waɗanda ba sa jin magana, ya nemo wasu, a 1942 kuwa ƙungiyar ta gama kaka ba a cinye ta ba, ba a ma ci ta ko maki ɗaya ba. Sai yaƙin duniya na biyu ya kwashe samari, aka dakatar da wasa a 1943 da 1944, shi kuma ya koma horar da yaran sakandaren garin.

Akwai wani labari da mutanen Grambling suka daɗe suna bayarwa game da shekarun farko bayan yaƙi. Wani uba ya zo ya janye ƴaƴansa biyu daga ƙungiya, ya ce audugarsa ta nuna a gona, babu mai tsince ta. Robinson bai tsaya yi masa wa'azin amfanin ilmi ba. Ya kwashi ƙungiyar gaba ɗaya zuwa gonar, aka tsince audugar, yaran suka koma makaranta. Mutumin da ya san abin da damina ɗaya ke nufi ga manomi ne kaɗai zai yi wannan dabara.

Tarbiyyarsa kuwa ta tsofaffin malamai ce. Da asuba yakan bi ɗakunan kwanan ƴan wasa yana kaɗa ƙararrawa irin wadda ake rataya wa saniya, ba ya barin ƙofa sai ya ga mai ɗakin ya sauko daga gado, domin ya karya kumallo ya tafi aji. Idan za a yi tafiya, dole kowa ya sa kwat da laktayi. Hujjarsa ita ce, a cikin yara ɗari da ya horar, kaɗan ne za su ci abinci da ƙwallo, sauran da takardar shaida da ladabi za su nemi aiki, a ƙasar da ake neman ɗan dalili kaɗan a rufe wa baƙi ƙofa. Shi kansa ya koma karatu a lokutan hutu, har ya sami digiri na biyu a jami'ar Iowa a 1954.

Ƙofar farko ta buɗe ne a 1949, lokacin da ƙungiyar Rams ta birnin Los Anjalas ta ɗauki Paul Younger, wanda ake wa laƙabi da Tank saboda yadda yake bi ta kan mutane. Shi ne ɗan wasa na farko daga makarantun baƙar fata da ya shiga babbar gasar ƙwararru ta NFL. Robinson ya ja masa kunne kafin ya tafi cewa idan ya gaza, ba shi kaɗai ya gaza ba, za a ce duk ƴan makarantun baƙi ba su iya ba, a kuma daɗe ba a sake duba wani ba. Younger bai gaza ba, ya yi shekara goma yana wasa. Daga nan masu farautar ƴan wasa suka gane hanyar Grambling. A zaɓen ƴan wasa na 1963 na gasar AFL, Buck Buchanan na Grambling aka fara ɗauka kafin kowa. Shi da Willie Davis da Willie Brown da Charlie Joiner duk sun shiga zauren girmamawa na gwanayen wasan, kuma jimillar yaran Robinson da suka zama ƙwararru ta haura 200. Wannan adadi daga makarantar da ke tsakiyar dajin katako, wadda kasafinta bai kai abin da manyan jami'o'in fararen fata ke kashewa a gefe guda na harkarsu ba.

Sai dai akwai kujera ɗaya da aka ƙi sakin ta, ita ce ta madugu. Masu ƙungiyoyin ƙwararru sun yarda baƙi ya yi gudu, ya yi karo, amma sun ƙi yarda ya ba da umarni, suna cewa wai wannan wuri na mai kaifin ƙwaƙwalwa ne. Idan baƙin madugu ya fito daga jami'a, sai a ce ya koma wani gurbi ko ya koma gida. Robinson ya ɗauki wannan magana a matsayin bashin da sai ya biya. Ya nemo wani yaro daga garin Monroe da ke kusa, James Harris, ya shekara huɗu yana koya masa irin jifa da karatun fili da ƙwararru ke bukata. A 1969 ƙungiyar Buffalo ta ɗauke shi can a zagaye na takwas na zaɓe, abin da ya ɓata wa yaron rai har ya yi niyyar fasawa, malaminsa ya lallashe shi ya tafi. Harris ya ƙi sauya gurbi, kuma a wannan shekara ya zama baƙi na farko da ya buɗe kakar wasa yana madugu. A 1974 ya kai Rams wasan kusa da na ƙarshe na gasar. Wanda ya cika aikin shi ne Doug Williams, da ƙungiyar Tampa Bay ta ɗauka a zagayen farko a 1978. Ranar 31 ga Janairu 1988, a wasan ƙarshe na Super Bowl a birnin San Diyego, Williams yana madugun Washinton, an fara cin su 10 da babu, sai ya yi jifa huɗu masu cin maki a kashi na biyu na wasan kaɗai, aka tashi 42 da 10 a kan Denver. Shi aka zaɓa gwarzon wasan, shi ne kuma baƙin madugu na farko da ya ɗauki wannan kofi. Tsakanin tafiyar Younger da wannan rana shekara 39 ke nan.

Ɓangaren aikinsa na darakta ba a cika ba da labarinsa ba, alhali kuwa shi ya riƙe sauran. Matsalar a fili take: garin ƙarami ne, mutanensa talakawa, ko an cika filin makaranta maƙil kuɗin ƙofa ba za su biya mota da abinci da tallafin ɗalibai ba. Ɗan kasuwa ya san maganin wannan, idan haja ta fi ƙarfin kasuwar ƙauye sai a ɗora ta a kai ta birni. Robinson da shugaba Jones da jami'in yaɗa labaransu Collie J. Nicholson, wanda tsohon ɗan jaridar sojan ruwa ne, sun lura cewa miliyoyin baƙar fata sun ƙaura daga kudu zuwa manyan biranen arewa da yamma, suna da ɗan abin hannu, suna kuma kewar gida. Sai suka riƙa ɗaukar ƙungiyar tare da ƴan badujalar makarantar, waɗanda su ma jama'a ke biyan kuɗi don kallonsu, suna hayar manyan filaye. A watan Satumba 1968 sun kara da Morgan State a filin Yankee na Niyu Yok gaban mutum sama da dubu 60. An cinye su 9 da 7, amma a lissafin darakta ranar riba ce. A 1974 suka mayar da karawarsu ta shekara-shekara da jami'ar Southern zuwa birnin Niyu Oliyans, suka sa mata suna Bayou Classic, mutum sama da dubu 76 suka halarci ta farko. A 1976 suka kai wasa har Tokiyo, ƙasar Japan. Da irin wannan fatauci ne makarantar ta sami suna da kuɗin da gwamnatin jiha ba ta taɓa niyyar ba ta ba.

Ba kowa ne ya yaba ba, kuma masu sukar suna da abin faɗa. A watan Oktoba 1967 ɗaliban Grambling sun yi zanga-zanga, suna cewa hukumar makarantar ta fifita ƙwallo a kan karatu, duniya ta san ƴan wasanta amma ba ta san malamanta ko ɗakin karatunta ba. Gwamnan jihar ya turo dakarun tsaro, aka kori wasu daga cikin jagororin ɗaliban. A waɗannan shekaru na gwagwarmayar neman ƴancin baƙar fata, ba a ga Robinson a sahun masu maci ba, yaransa ma ya fi so su tsaya ga aji da fili. Ma'aikacin gwamnati zai gane halin da yake ciki, domin makarantar ta jiha ce, kasafinta yana hannun ƴan majalisa fararen fata masu goyon bayan wariya, kalma ɗaya daga bakinsa za ta iya jawo a toshe famfon. Ya zaɓi ya yaƙi wariya ta hanyar fitar da yaran da ba za a iya musun gwanintarsu ba. Hanyar ta yi aiki, Harris da Williams shaida ne. Amma gaskiya ita ce dokokin da suka rushe wariyar, irin ta 1964, waɗanda suka fita titi aka dake su ne suka kawo su, kuma ɗaliban da aka kora a 1967 ba su yi ƙarya ba a kan yadda aka raba kuɗi tsakanin fili da aji.

Abin mamaki, nasarar da aka yi a kan wariya ita ce ta fara rage wa Grambling ƙarfi. Muddin manyan jami'o'in kudu ba sa ɗaukar baƙi, duk yaron da ya fi kowa a Luwiziyana da Misisipi da gabashin Teksas ba shi da wurin zuwa sai makarantu irin na Robinson. A 1970 jami'ar Kudancin Kalifoniya ta zo da baƙaƙen ƴan wasanta ta lallasa Alabama 42 da 21 a gidanta, a 1971 kuwa mashahurin mai horaswa na Alabama, Paul Bryant, ya fara sa baƙi a wasa. Sauran suka bi. Daga nan yaron da a da Robinson zai samu da zama ɗaya a falon uwarsa, yanzu masu jirgin sama da talabijin da katafaren fili ke layi a ƙofar gidansu. Robinson bai taɓa kukan wannan a bainar jama'a ba, tun da abin da ya yi ta fata ke nan, amma ya ci gaba da fafatawa da ragowar kasuwa. Duk da haka ya jima yana ci. Ranar 5 ga Oktoba 1985, a filin Cotton Bowl na birnin Dalas, Grambling ta doke Prairie View 27 da 7, nasararsa ta 324, ya wuce 323 na Bryant wanda ya rasu a 1983. Wasu marubuta sun ce bai kamata a gwada su ba, wai abokan karawar Robinson ƙanana ne. Sun manta cewa a mafi yawan shekarun da ake magana, doka da al'ada ne suka hana manyan su kara da shi, ba shi ya guje su ba.

Ƙarshen aikin bai yi daɗi ba. A watan Oktoba 1995 ya ci wasansa na 400, amma kakar ta ƙare da ci 5 da faɗuwa 6. A 1996 ya ci 3 aka cinye shi 8. Tsofaffin ɗalibai suka fara gunaguni cewa tsarin wasansa ya tsufa, abokan hamayya sun haddace shi, ga kuma hukumar wasannin jami'o'i ta NCAA tana binciken makarantar kan karya wasu ƙa'idoji. Shugaban jami'ar na lokacin, Raymond Hicks, ya nemi ya sauka. Labarin na fita sai ƙasa ta ɗauka, jama'a suka ce ba a yi wa mutum mai shekara 77 da ya gina gidan da hannunsa korar kare, aka daidaita a kan a ƙara masa shekara guda ya yi bankwana. Shekarar bankwanar ma 3 da 8 ta ƙare, wasansa na ƙarshe a watan Nuwamba 1997 Southern ta cinye shi 30 da 7 a gasar da shi ya ƙirƙira. A nan kowane ɓangare yana da laifinsa. Hukumar ta yi gaggawa ta kuma yi rashin ladabi a yadda ta ɗauko zancen. Shi kuma dattijon ya daɗe bai shirya ranar sauka ba, domin da ya miƙa ragama bayan kakar 1994, wadda ya gama da nasara, da ya fita ana kiɗa. Yaran da suka yi waɗannan shekaru uku na ƙarshe su ma shekarunsu ne na samartaka, ba za a maido musu da su ba.

Doug Williams ne ya gaje shi a 1998. Adadin nan na 408 ya tsaya har 2003, lokacin da John Gagliardi na wata ƙaramar jami'a a jihar Minesota ya wuce shi, daga baya kuma Joe Paterno na Penn State ya kai 409 a 2011. Shi dai Robinson, idan aka tambaye shi abin da ya fi alfahari da shi, yakan ambaci aiki ɗaya da mata ɗaya, wato Doris, wadda ya aura a shekarar da ya kama aiki. Ba da jimawa da yin ritaya ba cutar mantuwa ta Alzheimer ta kama shi, mutumin da ya haddace sunayen yara dubbai da na iyayensu ya koma ba ya gane baƙinsa. Ya rasu ranar 3 ga Afrilu 2007 a garin Ruston, yana da shekara 88. An ajiye gawarsa a zauren majalisar jiha a Baton Ruj domin jama'a su yi bankwana, a ginin da aka shekara da shekaru ana tsara dokokin da suka hana yaransa cin abinci a kan hanya. A 2010 aka buɗe gidan tarihi da sunansa a cikin harabar makarantar.

Matsalar kuɗin da ya yi ta toshewa da fatauci ba ta bi shi kabari ba. Bayan 2008 jihar Luwiziyana ta zabtare tallafin da take ba jami'o'inta, ƙananan makarantu irin Grambling suka fi jin jiki. A watan Satumba 2013 aka sallami Doug Williams, wanda ya dawo karo na biyu, ana tsakiyar kaka. A watan Oktoba ƴan wasan suka yi yajin aiki, suna kukan ɗakin motsa jiki da ya lalace, da kayan wasa marasa tsabta, da doguwar tafiya a mota zuwa birane masu nisa alhali abokan karawarsu na zuwa a jirgi. Suka ƙi shiga motar da za ta kai su wasa da Jackson State, aka rubuta musu faɗuwa ba tare da an buga ba. Bayan hukumar ta yi alkawarin gyara suka koma fili, kuma a 2016, a ƙarƙashin wani tsohon ɗan wasan makarantar, Broderick Fobbs, Grambling ta sake ɗaukar kofin makarantun baƙar fata na ƙasa, inda ta doke North Carolina Central 10 da 9 a birnin Atlanta.